Daga Malaz zuwa Sidra: yadda unguwar da aka zana a takarda take girma ta tsufa

Tambaya: "Kawu Injiniya, barka da aiki. Mu mutanen Jidda ne, a unguwar Sabil aka haife ni, kakanninmu daga Katsina suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa. Bayan rusau ɗin da aka yi wa unguwarmu, maigida ya sami aiki a Riyad, yanzu muna haya a unguwar Malaz, shagga (wato filat a bene) mai ɗaki uku, mu da yara huɗu da surukata. Maigida ɗan ƙasa ne, kuma ya cancanci tallafin Sakani, shirin gwamnati na mallakar gida. Shi hankalinsa ya tafi kan sababbin unguwannin arewa irin su Sidra, wai can ne rayuwa. Ni kuwa wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce min Malaz ɗin nan da muke rainawa ita ce Sidrar zamaninsu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya mai da ita yadda take yau, kuma su sababbin haka za su koma?"

'Yata, barka kadai, Allah ya mayar muku da alheri kan abin da rusau ya ci. Dattijuwar nan ba ta yi miki ƙari ba ko kaɗan. Akwai lokacin da ake kiran Malaz "Sabuwar Riyad", kuma wanda ya sami gida a cikinta ya kai. Abin da kike son ji, in na fahimce ki, shi ne ko unguwar da aka zana tun daga tushe tana da wata ƙaddara guda da ba ta kauce mata, wato ta yi tashe, manya su watse su bar ta, ta koma ta 'yan haya. A ƙarƙashin wannan kuma akwai maganar kuɗinku da kuke shirin zubawa na shekara ashirin ko fiye. Ni aikina awon filaye da zana unguwanni, na daɗe ina yin sa a ofisoshin injiniyoyi a garin nan, don haka ta wannan fuskar zan amsa miki.

Yadda aka yi aka sami Malaz

Riyad da Sarki Abdul'aziz ya karɓe a 1902 ƙaramin gari ne na ginin ƙasa, kewaye da ganuwa, mutum na iya ratsa shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Shi da kansa ne ya fara fita bayan ganuwa da ya gina fadar Murabba a shekarun 1930. A 1950 aka rushe ganuwar, a 1951 jirgin ƙasa ya iso daga Dammam, siminti da ƙarfe suka sami hanya. Amma har lokacin ofisoshin gwamnati suna Hijaz, tsakanin Makka da Jidda. Da Sarki Sa'ud ya hau a 1953 aka yanke shawarar kwaso ma'aikatun a kawo su Riyad. Aka jera musu gine-gine a kan titin tsohon filin jirgi. To, ma'aikata fa, ina za su kwana? Mutumin da ya saba da Jidda, da iyalinsa, ba za ka ce ya zo ya kama ɗakin ƙasa a lungun Dira cikin tsohon gari ba. Saboda su Ma'aikatar Kuɗi ta ɗauki nauyin gina unguwa sukutum a fili fetal, kimanin kilomita 4.5 arewa maso gabas da tsohon gari. Kin ga ashe ba ku ne farkon mutanen Hijaz da aiki ya kwaso ya sauke a Malaz ba. Don irinku aka yi ta tun asali.

Filin ya kai hekta 500. Aka gina fila 754, wato gidaje masu zaman kansu, da shagga 180 a manyan benaye uku. Filolin an sayar wa ma'aikata ne, suna biya a hankali na tsawon shekaru. Tituna aka ja su ɗoɗar, suna gicciye juna, kowanne da matsayinsa: babba mai faɗin mita 60 ya raba unguwar, shi ne har gobe ake ce wa Sittin ko da yake sunansa a allo Salahuddin al-Ayyubi, sai masu mita 30, da 20, da na cikin gida masu 15 ko 10. Yawancin filayen mita 25 ne ta kowace fuska, wato murabba'in mita 625. Riƙe wannan adadin, don shi ne ya yi wa Riyad gaba ɗaya ƙira.

Abin da mutane ke mantawa shi ne Malaz ba gidaje kaɗai aka zuba mata ba. An sa mata lambun shaƙatawa, da ɗakin karatu, da ofishin baladiyya, wato hukumar gari, da filin sukuwar dawaki, da gidan namun daji, da filin ƙwallo. Jami'ar farko ta ƙasar, wadda aka buɗe a 1957 kuma yau ake kira Jami'ar Sarki Sa'ud, a Malaz ta fara, shi ya sa kike da Titin Jami'a kusa da ku alhali babu jami'ar a wurin. Ma'aikatun da mazauna ke aiki kuwa ga su nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. Mutum ya tashi, aikinsa kusa, makarantar ɗansa kusa, ranar Juma'a ga sukuwa. A ganina wannan ne sirrin unguwar, ba kyan filolin ba.

Salon kansa ba daga Najad, yankin da Riyad take, ya fito ba. Daga gabas ya zo, wajen masu haƙar mai. Kamfanin Aramco ya gina wa ma'aikatansa Amurkawa sansani a Zahran irin na bayan garin ƙasarsu, gida a tsakiya, ciyawa a kewaye. Injiniyoyinsa suka taimaka wajen yanka filayen Dammam da Khubar a kan layi tun ƙarshen shekarun 1940, sannan a 1951 kamfanin ya fara ba ma'aikatansa 'yan ƙasa rancen gina gida, da sharaɗin a kawo zane na injiniya. Daga nan fila ta shiga idon mutane a matsayin gidan wanda ya waye. Malaz ce ta ɗauko ta ta dasa a babban birni da hatimin gwamnati.

Gidan da ya juya fuska waje

A nan zan ɗan daɗe, don wannan ya shafe ki kai tsaye. Gidan Najad na da, kamar namu na Kano da Katsina, cikinsa yake kallo. Bango a bakin hanya, tsakar gida a ciki, ɗakuna na buɗewa gare ta, mace ta sha iska ta shanya kayanta ba wanda ya gan ta. Fila ta juya abin. Aka tattara ɗakuna a tsakiyar fili, aka bar ɓaraka a kewaye, tagogi suka koma kallon maƙwabta. Daga baya baladiyya ta mai da wannan doka, abin da muke kira irtidad: a ja gini baya daga titi da kashi ɗaya cikin biyar na faɗin titin, a bar aƙalla mita 2 ta gefe da baya, kada gini ya ci fiye da kashi 60 cikin 100 na fili. A takarda abin ya yi kyau, iska da haske ta ko'ina. A ƙasa kuwa, tagar benen maƙwabcinka tana leƙa farfajiyarka daga nisan mita biyu.

Ki fita da yamma ki bi ɗaya daga cikin ƙananan titunan bayan Titin Jarir, inda tsofaffin filoli suka rage, ki ɗaga kai. Za ki ga katanga ta asali, gajera, da ƙyar ta wuce kan mutum. A kanta an ɗora bulo layi uku ko huɗu, launin fentin ma bai zo ɗaya ba. A kan bulon kuma an kafa ƙarafa an liƙa kwano, wanda a nan ake ce wa shinko, har ya kai tsayin tagar bene. Baranda da aka yi don shan iska an toshe ta da alminiyam ta zama ɗakin ajiya. Tagogin sama a rufe ruf da labule shekara da shekaru, na'urar sanyaya ɗaki ce kawai ke leƙowa tana ɗiga. A kusurwar gaba an gina mulhaƙ, ƙaramin ɗakin baƙi mai ƙofarsa daban, wato mutane sun maido da zauren da mai zane ya manta da shi. Duk wannan tarihin gardama ce tsakanin mai zane da mai gida, kuma mai gida ne ya yi nasara, sai dai ya biya sau biyu: ya sayi farfajiyar da ba ya iya zama a cikinta, ya kuma sayi kwanon da zai rufe ta.

Na sha zama da masu gida a kan zane, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tsayawa. Maigida yana lissafin faɗin majalisa, wato ɗakin karɓar baƙi, uwargida tana tambayar ta ina za ta fita tsakar gida ba tare da ta sa abaya ba. Tambayarta ce ta fi wuyar amsawa, don doka ta riga ta cinye filin da za a yi tsakar gidan da shi.

Yadda Malaz ta haifi sauran Riyad

A 1968 gwamnati ta ɗauko wani Bagirke, Doxiadis, wanda ya zana Islamabad, kuma ya taɓa yi wa Khartum tsari. Tsarinsa na Riyad, wanda aka kammala a farkon shekarun 1970, ya yanka gari gida-gida, kowane yanki kilomita 2 ta kowace fuska, manyan tituna a gefe, masallaci da makaranta da kantuna a tsakiya, garin kuma ya miƙe arewa a gefen Wadi Hanifa. Duk unguwar da kika ji sunanta a arewa, Malƙa, Yasmin, Narjis, Arid, a cikin wannan raga take, ko da an yanka ta shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

Sai kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973. A 1974 aka kafa Asusun Raya Gidaje, wanda kowa ke ce wa Sunduƙ, yana ba ɗan ƙasa rance marar ruwa har riyal 300,000 ya biya cikin shekara 25. Gwamnati kuma tana rabon filaye kyauta. Sharaɗin rancen shi ne ka mallaki fili ka kawo zanen da baladiyya ta amince da shi, zanen da take amincewa da shi kuwa fila ce mai irtidad. Shi ke nan, abin da aka yi wa ma'aikata 754 ya zama gidan kowa.

Amma an kwafi rabin Malaz ne aka bar rabi. An ɗauki titi da fili da fila, aka bar jami'a da lambu da kusancin wurin aiki. Mai babban fili zai kawo mana, mu yanka masa, a cire wajen kashi ɗaya cikin uku na tituna da masallaci da makaranta, a zuba kwalta, a kafa fitilu, a yi gwanjon filaye, ya kama gabansa. Filin makarantar yana nan a taswira da launinsa, amma gina ta sai ranar da hukuma ta waiwayo. Masu saye da yawa ba don gini suka saya ba, ajiyar kuɗi ce. Na auna unguwannin da fitilun titi suka shekara goma suna haska yashi, gida ɗaya nan, ɗaya can, mai gidan na jiran wayit, tankar ruwa, ta kawo masa na sha, wata kuma ta zo ta kwashe masa na masai don bututun gari bai iso ba. Wannan ne ya sa aka shata wa birane iyaka a 1989, ya kuma sa aka ɗora wa filayen da aka bari fetal haraji na kashi 2.5 cikin 100 a 2015, aka ƙara tsaurara shi a 2025.

Me ya tsufar da Malaz

Ba lalacewar gini ba ce ta fara. Abubuwan da suka ɗaure manya a wurin ne aka kwance ɗaya bayan ɗaya. Filin jirgi ya koma arewa can nesa a 1983. Jami'a ta tashi zuwa sabon mazauninta ta hanyar Dir'iyya a shekarun 1980. Kasuwanci da manyan ofisoshi suka bi unguwar Ulayya da Titin Sarki Fahad, inda dogayen benayen Faisaliyya da Mamlaka suka tsaya daga baya. Sukuwa ta koma Janadiriyya. Mai hali kullum yana bin inda aikinsa da sa'o'insa suka nufa.

Sai kuma gado, wanda masu zane ba sa sa shi a lissafi alhali shi ne babban mai sake fasalin unguwa. Ma'aikacin da ya sayi fila a 1958 ya rasu ya bar 'ya'ya takwas, kowanne ya riga ya karɓi rancen Sunduƙ ya gina nasa a arewa. Gida ɗaya ba ya rabuwa takwas. Ko a ba da shi haya ga makaranta mai zaman kanta ko asibitin sha-ka-tafi ko ofishin kamfani, ko a sayar wa mai kuɗi ya rushe ya tayar da benen shagga. Fili mai murabba'in mita 625 a kan titi mai faɗi, kusa da tsakiyar gari, ya fi ƙarfin iyali guda. Ina kyautata zaton benen da kuke ciki a kan irin wannan filin yake.

Ni dai ban yarda a kira wannan mutuwa ba. Unguwar da aka yi wa iyalai 'yan ɗaruruwa yau tana ɗauke da dubban mutane, Sa'udawa da Sudanawa da Misirawa da Indiyawa da mu. Kantin littattafan Jarir da ya cika ƙasar nan, a ƙaramin shago ya fara a Titin Jarir a 1974. Tsohon filin sukuwa ya zama Lambun Sarki Abdullah a 2013. Filin ƙwallo na nan, gidan namun daji na nan. Kina iya aiken yaro baƙala, wato kantin kayan masarufi, da ƙafa, tela da mai gyaran waya da gidan burodi duk suna ƙasan bene. Bishiyoyinta sun yi shekara sittin suna girma, abin da kuɗi ba ya saya. Abin da ya ba ta wannan rai na biyu shi ne faɗin titunanta da girman filayenta, da kuma cewa kowane fili na mai shi ne, yana iya sauya masa aiki in baladiyya ta yarda. Aibinta kuma daga nan ya fito: wurin ajiye mota ya zama abin faɗa, tsofaffin bututu na yoyo, fila mai kyau na maƙale tsakanin benaye biyu da suka tsone mata ido.

Su kuma sababbin

Sidra dabam take da unguwannin gwanjon filaye, kuma ta wata fuskar ta fi su kama da Malaz ta asali. Kamfanin Roshn, wanda Asusun Zuba Jari na gwamnati ya kafa a 2020, shi ke gina ta a arewacin gari ta wajen filin jirgi, a fili mai murabba'in mita miliyan 20, da niyyar gidaje wajen 30,000, kashi-kashi. Hannu ɗaya ne ke zana titi, ya gina gida, ya shuka bishiya, ya tanadi masallaci da makaranta da hanyar masu tafiya a ƙafa. Ba ita kaɗai ba ce, akwai manyan unguwannin Kamfanin Gidaje na Ƙasa irin su Khuzam, duk cikin ƙoƙarin kai mallakar gida ga kashi 70 cikin 100 na iyalan 'yan ƙasa kafin 2030. Wannan gyara ne na gaske ga ciwon da na faɗa miki. Ba za ki tare ki tarar da kango hagu da dama ba, ba kuma za ki shekara biyar kina shaƙar ƙurar ginin maƙwabci ba, aƙalla a cikin kashin da aka kammala.

Za su bi sawun Malaz? Ta wani wajen dole. Gari zai cim musu ya wuce, bishiya za ta girma, masu gida za su tsufa, magada za su zo. Riyad da ƙidayar 2022 ta samu da mutum wajen miliyan 7 ba ta gama miƙewa ba. Amma akwai bambanci biyu da suke sa ni cewa tsufansu ba zai zama iri ɗaya ba. Filayen yanzu ƙanana ne, da yawa ba su kai rabin na Malaz ba, gidaje kuma manne da juna, don haka rushe ɗaya a tayar da bene ba abu ne mai sauƙi ba. Sannan akwai ƙa'idar unguwa da mai saye ke sa wa hannu: launin fenti, tsayin katanga, abin da za a iya ƙarawa a gaba ko a kan rufi. Mai gidan Malaz ya ga zane bai yi masa ba, ya kira magini. Mai gidan sabuwar unguwa sai ya nemi izini, kuma ana iya hana shi. Wannan ne zai tsare kyan wurin da darajar gidan, shi ne kuma zai hana gidan bin girman iyali. Riga ce da aka ɗinka daidai jiki, ba a bar mata kalmasa da za a saki in yaro ya girma ba.

Akwai misali a garin nan na unguwar da aka riƙe da ƙa'ida tun farko, wato Unguwar Jakadu da aka gina lokacin da Ma'aikatar Harkokin Waje da ofisoshin jakadanci suka taso daga Jidda a shekarun 1980. Shekara arba'in ke nan, kuma ta ƙara kyau ne ba ta ragu ba. Dalili shi ne hukuma ɗaya ce ke kula da ita ba fashi, da kuɗi a hannu. Unguwa mai tsari tana rayuwa ne da wanda zai ci gaba da biyan mai ban ruwan bishiya da mai gyaran fitila bayan an sayar da gida na ƙarshe. A sababbin unguwanni wannan nauyin a kan masu gida yake komawa, ta kuɗin hidima da ƙungiyar masu gida. Yadda za a riƙe wannan bayan shekara talatin, ba injiniyan da zai rantse miki, don unguwannin ba su kai shekarun da za a yi musu shaida ba.

Abin da zan duba in ni ne ku

Farko ki lissafa mutanen gidanki yadda suke, ba yadda hoton talla ya nuna ba. Ku bakwai ne yau, da tsohuwa. Yawancin sababbin gidaje ɗakunan kwana a sama suke, ƙasa majalisa ce da falo da kicin. Surukarki za ta iya hawa bene sau biyar a yini nan da shekara biyar? In babu ɗaki mai banɗaki a ƙasa, ku tambaya a rubuce ko an yarda a mai da wani sashe ɗaki. Mu kuma gidanmu ba ya rabuwa da baƙi, ɗan'uwa daga Jidda ya zo neman aiki, gwaggo ta zo ganin likita ta yi wata biyu, ga suna, ga zaman gaisuwa. Ki tsaya a farfajiyar gidan gwaji ki ɗaga kai ki ƙirga tagogin da ke kallonki. Ki tambayi inda za ki kafa babbar tukunya ranar taro, da inda motocin baƙi goma za su tsaya. Amsar da za a ba ki ita ce za ta gaya miki ko da irinku aka yi zanen.

Sai nisa. Darasin Malaz shi ne unguwa tana daɗi ne in aiki na kusa. Maigida ya gwada hanyar daga can zuwa wurin aikinsa da ƙarfe bakwai na safe ranar Lahadi da makon aiki ke farawa, ba ranar Juma'a da la'asar da dillali zai so kai ku ba. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Disamba 2024, mai layi 6 da tasha 85, ya sauya lissafin tsofaffin unguwannin tsakiya, don su ne suka fi samun tasha kusa. A sabuwar unguwa kuwa ki ɗauka mota biyu dole ce, ki sa kuɗinta cikin kuɗin gida. Ki kuma tambaya wace makaranta ce ta buɗe yanzu, ba wadda ke taswira ba, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, don yara huɗu a makarantar kuɗi wani bashin gida ne na biyu. Ki tuna kuma abin da rusau ya raba ku da shi ba bango ba ne kawai. In 'yan'uwa da kuka taso tare sun sauka a kudu ko tsakiyar gari, zuwa gaisuwa daga can arewa tafiya ce ta shiri.

Ta wajen takardu, in gidan ba a gama shi ba ne, ku tabbatar aikin yana da lasisin sayarwa kafin gini, wanda aka sani da Wafi, kuma kuɗinku asusun aikin yake shiga ba aljihun kowa ba. Ku nemi takardar inshorar ɓoyayyen aibin gini ta shekara 10. Ku nemi a rubuta muku kuɗin hidima na shekara, da wanda ke da ikon ƙara shi. Harajin cinikin gida kashi 5 cikin 100 ne, gwamnati na ɗauke wa ɗan ƙasa na gidansa na farko har zuwa riyal miliyan 1 na farashin, abin da ya haura ku za ku biya. Ranar karɓar makulli ku ɗauki injiniya mai zaman kansa ku biya shi, ya cika rufi da ruwa ya bar shi kwana biyu, ya gwada matsin bututu, ya duba gangaren banɗaki. Na taɓa duba wani sabon gida fes, a wata unguwa da ba zan ambata ba, muka zuba bokiti ɗaya a banɗakin sama, ruwan ya bar magudana ya nufi ƙofar ɗakin kwana. Gyaransa kafin sa hannu na mai gini ne, bayan sa hannu kuwa sai an yi ta kai da kawowa.

Maganar tsarin rancen banki da hukuncinsa ba fagena ba ne, wannan ku zauna da ma'aikacin banki da malamin da kuka amince da shi. Hasashen farashi ma ba na yi. Abin da zan iya cewa shi ne babu abin da ke kora ku. Tun Satumba 2025 an dakatar da ƙarin kuɗin haya a Riyad na shekara biyar, don haka in yarjejeniyarku tana rajiste a Ijar, dandalin gwamnati na rajistar haya, kuna da sararin da za ku duba a tsanake. Kuma zaɓin ba Malaz ko Sidra ba ne kawai. Akwai unguwannin da aka yanka bayan Malaz, irin su Rauda da Rabwa da wasu sassan gabas, inda filaye ke da faɗi, bututu ya iso tuntuni, makarantu a buɗe, kuma ana samun hawa guda na fila mai ƙofarsa da takardar mallakarsa daban. Ga iyali mai tsohuwa da yawan baƙi, hawan ƙasa a irin wannan wuri sau da yawa ya fi sabon gida mai hawa uku amfani, sai dai a shirya kuɗin sake wayoyin wuta da bututu tun kafin a tare. Ki ce wa maigida ku ga irin wannan guda biyu ko uku kafin ku biya kafin alƙalami a ko'ina, kuma ku tafi da surukarki ta taka matakalar da ƙafarta.